Ɗan Fari a Bayan Kwalaye

Shekarar da ruwa ya ci mana gida, a lakwal, wato makarantar boko, muka ƙare damina. Garinmu yana cikin kwari, kan hanyar da ta tashi daga Tasawa ta nufi Mayahi, kuma ruwan ya yi ta zuba har katangu suka sha suka ƙoshi, suka fara zama ɗaya bayan ɗaya. Ɗakina da rana tsaka ya faɗi, ina tsakar gida ina kora kaji. Na uwar mijina kuwa ya faɗi tana ciki, ita da yarona. Shi bai ji ciwo ba, don ta rufe shi da jikinta. Ita azara ta karya mata ƙafa, aka ɗora ta a amalanke aka kai ta Mayahi wurin ɗiyarta, inda akwai mai ɗori. Mu sauran aka ce mu hau lakwal, tunda yara suna hutu, kuma nan ne kaɗai ginin siminti a kan tudu.

Aji ɗaya aka ba danginmu. Aka tara tebura a lungu, aka ja igiya, kowace mace ta rataya zane ta ce nan ne ɗakinta. Amma zane ba bango ba ne. In ka yi tari, na can ƙarshe zai ce maka sannu. Tabarmata tana jikin ta Gwaggo, yayar surukina, tsohuwa mai kunnen da ke jin faɗuwar allura a cikin yashi. Shi kuma Baba, surukin nawa, da yake idonsa ya yi rauni ba ya zuwa gona, a bakin ƙofar ajin yake wuni a kan benci yana murza igiya. Maigidana yana can gona yana ƙoƙarin buɗe wa ruwa hanya, sai magariba muke ganinsa, ya ci tuwo ya tafi inda maza suke kwana.

Bayan ƴan kwanaki Madam ta zo. Haka muka kira ta tun ranar farko har ta tafi. Mutuniyar Lome ce, can ƙasar Togo, ma'aikaciyar jinya, doguwa mai jiki, gashinta a aske kamar na namiji, da tabarau da ke reto a wuyanta da ƴar igiya. An ce hutu ta ɗauka daga aikinta ta taho, ba wanda ya tilasta mata, ba kuma albashi take karɓa ba. Mu dai mun daɗe muna mamakin wannan magana. Sauran ma'aikatan lafiya da mota suke zuwa da hantsi su koma Tasawa da la'asar. Ita ta ce a nan za ta kwana. Aka ba ta mangaza, ƙaramin ɗakin da darakta yake aje alli da littattafai, aka cika rabinsa da kwalayen magani da na abincin yara, ta shimfiɗa katifarta a bayansu.

Har yau in na rufe ido ina ganin safiyarta. Ta fito da bokiti da takalman roba har gwiwa, tana taka ƙasa a hankali saboda kwaɗi. Matar da ke wanke gyambon da mu ba ma iya kallo, amma kwaɗo ɗaya ya isa ya sa ta hau tebur. Tana dafa abincinta a ɗan murhun gas, da barkonon da in ta zuba shi a mai har Gwaggo sai ta yi atishawa daga cikin aji. Ranar da aka fara ba ta fura ta yamutsa fuska kamar an ba ta maɗaci. Kafin wata ya ƙare, ita ce ke bin mata da ƙwarya tana cewa, "Fura, fura, ina fura?" Hausarta wurin yara ta koya, saboda haka "ina kwana" take ce wa kowa ko da rana ta faɗi, tsofaffi kuma suna amsa mata da "lafiya lau" ba tare da sun yi dariya ba, sai ta wuce.

Da la'asar kuma sai ta hau wani suri a bayan lakwal, nan ne kaɗai waya ke kamawa, ta kira ɗiyarta da ta bari wurin uwarta. Ba ma jin abin da take faɗi, amma muna jin sunan yarinyar, tana jan shi kamar waƙa, tana sumbatar wayar da ƙarfi a gaban maza da mata. Mu matan sai mu sunkuyar da kai a kan turmi. Da muka ji ashe ɗiyar fari ce, wata ta ce, "Kai, ƙasarsu dabam ce."

Ni kuwa ɗiyar makiyaya ce daga wajen Issawane, Fillanci na fara ji kafin Hausa, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Innata har yau ba ta taɓa kama sunan yayana ba. Ga shi kuma nawa yaron, shi ma ɗan fari, sunan Baba aka sa masa, kunya ta zama biyu. Ba wai an hana ni ba shi abinci ba ne. Ina iya aje masa kwano a gabansa in juya in ci gaba da aikina. Abin da ba na iyawa shi ne in ɗora shi a cinya a gaban surukai, in lallashe shi, in yi masa wasa. Shi kuwa tun da aka yaye shi, yaro ne da ba ya cin abinci sai da lallashi. Da rana kakarsa ke yi masa, tana yi masa kirari tana zaginsa har ya buɗe baki. In kuma na shige ɗakina na saki asabari, to nan ni da shi ne, babu idon kowa. Yanzu kakar tana Mayahi, ɗakin kuma ya koma laka.

Tun ranar da bango ya faɗo musu ya daina wasa. Zawo ya biyo baya. In na aje masa kunu sai ya dube shi ya kau da kai. Ƙanwar mijina, bazawara ce mai toya ƙosai a bakin lakwal, ta gwada ba shi, ya dafe baki. Gwaggo ta gwada, ya yi ta kuka har ya shiɗe. Ni ina gefe ina tsintar dutse a cikin gero, ina ganin komai ta wutsiyar ido. Na ga wuyansa ya yi tsawo. Na ga layar da ke damtsensa, wadda da take matse shi, ta sauko har gwiwar hannu. Na ga gashinsa ya fara yin ja a gefen kunne. Kullum da safe in na goya shi sai in ji ya fi jiya rashin nauyi, in ce wa kaina ƙarya nake, in sake gyara goyon in auna. Ina ɗauke da wani cikin a lokacin, abinci ba ya zama mani ni ma, amma ba cikin ke hana ni ci ba.

Ranar awo aka tara yara a tantin da aka kafa a ƙarƙashin itacen bedi. Madam tana da ƴar igiyar roba mai launi uku da take naɗawa a damtsen yaro: tsanwa lafiya, ruwan ɗorawa a yi hattara, ja kuwa ba sai an faɗa ba. Ƙanwar mijina ce ta miƙa shi, tunda ta yi lakwal kaɗan tana jin Faransanci, ita ce ma take yi wa Madam tafinta. Ni na tsaya can baya. Igiyar ta zagaye hannunsa ta tsaya a kan ja.

Madam ta ɗaga kai ta yi tambaya. Ƙanwar mijina ta nuna ni da haɓa. Madam ta dube ni, ta ga ina kallon wani wuri, ta girgiza kai ta sake tambaya. Sai ƙanwar mijina ta fashe da dariya har tana riƙe ciki.

"Ke Bafillata, kin ji? Wai ina uwarsa ta gaske. Ta ce ke ba ki yi kama da wadda ta haife shi ba. Ko dai tsintarsa kika yi a bayan shanunku?"

"Allah ya shirye ki," na ce a hankali.

"Amin, ya haɗa da ke. Matso mana, ba cizo take ba."

Na matso. Madam ta tambayi sunansa, na yi shiru, ƙanwar mijina ta faɗa. Ta tambayi yaushe ya fara ramewa, na ce wa ƙasa ban sani ba, alhali na san har ranar. Sai Madam ta cire tabarau ta daɗe tana kallona. Ba wanda ya yi mata bayani, don ba wanda ya ga akwai abin bayani. Wa zai tsaya yana gaya wa babban mutum dalilin da ya sa ake cin tuwo da hannun dama?

Ta ɗauko wata ƴar leda mai dakakkiyar gyaɗa da madara da sukari, wadda muke ce wa biskit, ta yage bakinta. Ta ce yaron da ya kai ja, in yana cin wannan, ana iya jinyarsa a nan. In ba ya ci, sai an kai shi babban asibiti a Tasawa. Ta lakato a yatsa ta kai bakinsa. Ya kau da kai. Ta ce motar asibiti tana zuwa ranar kasuwa, in har zuwa ranar bai ci a gabanta ba, da shi za a tafi.

Na taɓa zuwa gaida wata maƙwabciya a can, na ga ɗanta kwance da siririyar roba a hanci. Na sani magani ne ake yi masa, yaron ma ya tashi. Amma tun da Madam ta faɗi maganar, ba abin da nake gani sai nawa a kan gadon nan da robar.

Kashegari Madam ta yi abin da ta ga ya dace. A ganinta baƙin cikin rushewar gida ne ya kashe mani zuciya har na daina kula da ɗana, kuma a ƙasarsu, in mace ta shiga wannan hali, mata ne ke taruwa su tashe ta. Sai ta shimfiɗa tabarma a gaban ajinmu, daidai inda Baba yake zaune, ta kamo hannuna ta zaunar da ni a tsakiya, ta ɗora mani yaron a cinya, ta sa mani biskit a hannu. Ta kira mata suka kewaye mu. Ta fara tafi tana waƙa da yarensu, tana kiran sunan yaron da ƙarfi, tana nuna bakina wai in kama. Sunan Baba ke nan take ta rerawa a gaban Baba. Matan suka rasa yadda za su yi, wasu suna tafin don kada su kunyata baƙuwa, wasu sun rufe baki da gyale. Baba ya tattara igiyarsa ya miƙe yana laluben sanda.

Ni kuwa ban kai masa biskit ɗin baki ba. Ina jin ƙasusuwan bayansa a jikin cikina, ina jin ya ɗago kai yana neman fuskata, ni kuma na kafe ido a kan yatsun ƙafata. Da ya ga ban dube shi ba sai ya fasa kuka. Na sauke shi a tabarma na tashi na shige aji, na ja zane na rufe kaina.

Daga ciki na ji muryar Madam ta canza. Ba na jin Faransanci, amma faɗa ba ya bukatar tafinta. Na ji Gwaggo tana cewa, "Mi wagga mata take so da yarinyar mutane? Ku ce mata ta bari hakanan." Da yamma ƙanwar mijina ta zo ta zauna a bakin tabarmata, ba wasa a fuskarta.

"Ta yi fushi. Ta ce ba ta taɓa ganin uwa mai taurin zuciya irinki ba."

"Ke ba ki gaya mata ba?"

"Na ce kunya kike ji. Ta ce kunya ba ta hana yaro mutuwa." Ta dubi yaron. "Kuma wallahi, matar yaya, ban san abin da zan ce mata ba."

Na yi ta neman wurin da zan keɓe da yaron in lallashe shi. Bayan aji akwai masu wanki. Gindin bedi akwai maza. Hanyar rijiya ba ta rabuwa da mutane, gonaki kuwa ruwa ne har ƙugu. Duk inda na tsuguna da shi, kafin in kwance goyo wani ya ce, "Sannu da aiki." Madam ta daina gaishe ni. In mun haɗu sai ta dubi goyon da ke bayana, ta wuce.

Ana saura kwana kaɗan kasuwa, da azahar, na dawo daga shanya ina goye da shi, sai hadari ya taso ba shiri. Kafin in kai aji ruwa ya sauko kamar ana juye tulu. Ƙofar da ta fi kusa ita ce ta mangaza, a buɗe take kaɗan. Na yi sallama, ba a amsa ba. Na ce a raina Madam tana tantin awo ruwa ya tare ta. Na shiga don kada ya jiƙe, iska ta turo ƙofar ta rufe.

Ɗakin yana da duhu-duhu, yana warin kwali da sabulu da alli. Ruwa yana dukan kwano har ba ka jin numfashinka. Na tsaya ina jiran wani ya yi magana, ba kowa. Sai na lura tun ranar da ɗakina ya faɗi ban taɓa zama a wuri mai bango huɗu da ƙofa a rufe ba.

Na kwance goyon. Na zauna a ƙasa na jingina da kwalaye, na miƙe ƙafafu na ɗora shi a kan ƙwaurina yadda muke yi a gida. Na dube shi sosai, ido cikin ido, na ga yadda fuskar ta koma. Na share masa hanci da bakin zanena. Na ciji yatsan ƙafarsa a hankali. Na hura masa iska a cibiya. Na kira shi da sunayen banza da nake kiransa da Fillanci, ɗan maraƙina, mai kunnen tunkiya, ɓarawon nono. Na yi masa waƙar da innata ke yi wa maruƙa in za a ɗaure su, ina ɗaga ƙafafuna ina saukewa. Da farko kallona kawai yake. Can sai ya kama leɓena ya ja. Sai ya yi wata ƴar dariya, ƙarama, kamar ta tsoho.

A nan na ji motsi a bayan kwalaye.

Wani hannu ya fito ta saman kwalin da ke kusa da kaina, riƙe da ledar biskit an riga an yage bakinta. Hannun ya aje ta, ya koma. Na leƙa ta tsakanin kwalaye, sai ga Madam kwance a cikin gidan sauro, jikinta sharkaf da zufa, ashe masassara ce ta kwantar da ita tun safe. Duk abin da na yi ta ji. Idonmu ya haɗu. Na ji kamar in nutse. Ita kuwa sai ta juya ta fuskanci bango, ta ja mayafi ta rufe har kanta.

Na daɗe ban motsa ba. Yaron ne ya sake jan leɓena. Na ɗauki ledar, na lakato kaɗan na sa a bakina na yi kamar abin ya fi komai daɗi a duniya, na ce masa ba zan ba shi ba, na maruƙa ne. Ya miƙo hannu. Na hana. Ya buɗe baki. Haka muka yi ta yi, loma ɗaya waƙa ɗaya, ina ba shi ruwa a murfin buta, har ledar ta kai rabi ya yi barci a kan ƙirjina da maiƙo a haɓarsa. Da ruwa ya tsagaita na goya shi, na aje sauran ledar a inda za ta gani, na fita ban yi sallama ba.

Kashegari na hango Madam zaune a kan dutse kusa da kaskon ƙosai, ta lulluɓe da bargo, ƙanwar mijina tana ta bayani da hannu da ludayi. Sun daɗe. Wani lokaci Madam ta dafe kai da hannu biyu. Daga baya ƙanwar mijina ta ba ni labari.

"Ta ce wato ranar nan sunan Baba ta yi ta yi wa waƙa? Na ce ƙwarai, har da tafi. Ta ce wayyo, a kai ta ta ba shi haƙuri. Na ce a'a, in kika je kin ƙara ɓata lamarin. Ta ce to ita ɗiyarta fa da take sumbata a waya, me muke cewa? Na ce muna cewa Allah ya ba ki lafiya."

Da azahar Madam ta zo bakin ajinmu da tsintsiya a hannu. Ta durƙusa ta ce wa Baba ina kwana, ya ce lafiya lau. Sannan ta sa ƙanwar mijina ta faɗa da ƙarfi, kowa ya ji, cewa mangaza ta yi datti, ɓeraye za su ɓata kaya, tana neman mace mai tsabta da za ta riƙa share mata ita kullum da hantsi da kuma bayan azahar, lokacin da ita take tantin awo. Ta ce kuma dole mai sharar ta rufe ƙofa, don kada awaki su shiga. Ta miƙo mani tsintsiyar da ɗan makulli, ba ta ko dubi goyona ba.

Ɗakin da bai fi shimfiɗar tabarma uku ba, wace shara ce sau biyu a rana? Na dubi Gwaggo. Ta ci gaba da kaɗa zarenta, ta ce, "To ki tashi mana, an ba ki aiki. Kuma ki share da kyau, kada ki yi gaggawa. Ɗakin baƙuwa ne."

Baba ya ce daga bakin ƙofa, kamar da igiyarsa yake magana, "A tafi da yaron, kada ya dame mu da kuka."

Ban taɓa yin kwanaki masu daɗin waɗannan ba, duk da ba mu da gida, duk da geronmu yana ruɓewa a gona. Ina shiga sai in tarar da leda a kan kwali da ruwa a kofi. In yi sharar da gaske, don kada in zama maƙaryaciya, ba ta ɗaukar komai. Sauran lokacin namu ne. Haske yana shigowa ta ƴar taga mai ƙarfe ya kwanta a kan katifar Madam, inda hoton ɗiyarta yake jingine da kwalbar man shafawa. A waje ana daka, ana kiran yara, jaki yana kuka. Na san kowane kwali da zanen da ke jikinsa. Akwai wani mai hoton laima, shi yaron yake so, yana dukansa da tafin hannu in ya ga dama. Wata rana ya ci da yawa, wata rana ya ƙi sai kaɗan, in fito ina lissafin abin da ya rage a ledar ina jin tsoro. In na wuce ta wurin kaskon ƙosai sai ƙanwar mijina ta ɗaga murya.

"Ma'aikaciya! An tashi daga aiki a biro? Yaushe za a biya ku mu ci arziki?"

"Ki ji da ƙosanki, yana ƙonewa."

Ranar kasuwa motar ta zo da hantsi. Doka ce sai Madam ta ga yaro yana ci da idonta, ita kuma ba mai wasa da aikinta ba ce. Na shiga mangaza na rufe ƙofa kamar kullum. Ina cikin yi masa wasa na ga hasken taga ya ragu, na gane mutum ne ya tsaya a waje. Ban ɗaga kai ba, ita ma ba ta yi motsi ba. Yaron ya ƙi lomar farko. Ya ƙi ta biyu. Na ci gaba da waƙar. Na ce a raina shi ke nan. Sai na sa yatsana mai biskit a kan hoton laimar nan na ce to laima za ta cinye. Ya yi ƙara ya kamo yatsan da hannu biyu ya kai baki. Ya ci, ya ƙara, ya ƙara. Can hasken ya dawo.

Na ji motar ta tashi. Da na fito na ga ta nufi hanyar Tasawa da wata mata daga aji na ƙarshe da jaririyarta. Na tsaya ina yi musu addu'a. Madam tana wanke hannu a bakin tanti. Ta dube ni ta ce, "Ina kwana." Rana ta kusa tsaka. Na ce, "Lafiya lau, Madam."

Ba a rana ɗaya ya warke ba. Igiyar awo ta daɗe a kan ja kafin ta matsa zuwa ruwan ɗorawa, ni kuma ban daina auna shi a bayana kowace safiya ba. Madam ta zauna da mu har aka fara yankan abin da ya tsira na gero, sannan hutunta ya ƙare. Ta hau motar kasuwa da jakarta da wata ƙwarya da Gwaggo ta ba ta, tana kuka a fili kamar yarinya, mu kuma muna ta ce mata ta gaida gida. Ban sake jin labarinta ba. Ɗiyar tata yanzu ta isa aure.

Ana gab da buɗe lakwal, muna shirin komawa cikin gari, wata rana da yamma na kai wa Baba tuwonsa a bakin ƙofa na koma gefe ina wanke ƙwarya. Yaron yana zaune a ƙasa kusa da bencin. Sai na ga ya dafa ƙafar kakansa ya miƙe, ya tsoma hannu a cikin akushin, ya damƙo tuwo da miya ya cusa a baki. Ba wanda ya lallashe shi.

Baba ya laluba ya kama ɗan hannun.

"Kai, wane ne wanga? Ɓarawo tun rana ba ta faɗi ba? Ka ƙwace mani suna, ka ce matata taka ce, yanzu kuma tuwon nawa? Gwaggo, zo ki gani, an yi mani sata!"

"Ka bar shi ya ci," in ji Gwaggo. "Kai mi ka nome bana?"

Yaron ya sake kai ɗaya hannun. Baba ya matso masa da akushin yana ta zaginsa. Ni kuwa na juya musu baya, na ci gaba da wanke ƙwaryar da ta riga ta fita tun ɗazu.